WAV, FLAC ko MP3: Jagora ga Masu Ɗaukar Sauti da Masu Sifika a Zariya

Yawancin sautin da ke fitowa a gurɓace a majalisin biki ko wurin wa'azi a Zariya, ba sifika ce ta ɓata shi ba, tun daga fayil ɗin aka samu matsala. Mawaƙi ya biya kuɗin sitidiyo a Sabon Gari, an gama aiki tsaf. Wani ya ɗora waƙar a kan hoto ya sa a sitatus, wani ya ciro sautin daga bidiyon ya tura wa DJ, ranar kamu kuma a haɗa waya da miksa ta Bluetooth a ƙure murya. Kalangu ya fito a dushe, kuge na soke kunne, baitin mawaƙi ya cuɗe da kiɗa. Sai a juya kan mai sifika, wai kayansa sun tsufa.

Aikin sauti zango uku ne: ɗauka, kunnawa a gaban jama'a, da rabawa ga mutane su saurara a wayoyinsu. Kowane zango da irin fayil ɗin da ya dace da shi. Ɓarnar tana farawa ne idan aka ɗauki fayil ɗin rabawa aka yi dukkan aikin da shi.

Mataki na farko: ka san gidajen nan uku

Haruffan da kake gani a ƙarshen sunan fayil suna da yawa, amma gida uku suka fito.

Gida na farko shi ne na sautin da ba a matse ba. Babban cikinsu WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, sai AIFF na kamfanin Apple da ya riga shi fitowa a 1988. Abin da makirfo ya ji shi ake rubutawa, ba ragi. Shi ya sa suke da nauyi: a ma'aunin faifan CD, wanda Sony da Philips suka kawo kasuwa a 1982, minti ɗaya yana cin kusan MB 10.

Gida na biyu ana matsewa, amma ba a zubar da komai. Nan FLAC yake, wanda ya fito a 2001, da ALAC na Apple. Yakan rage nauyin fayil zuwa wajen rabi ko kashi biyu bisa uku, kuma idan ka warware shi, WAV ɗinka ne zai dawo daidai yadda yake.

Gida na uku shi ne wanda kowa ya sani: MP3, da aka ƙirƙira a farkon shekarun 1990 bisa jagorancin cibiyar Fraunhofer ta Jamus, AAC na 1997, wanda ke zuwa da sunan m4a, da Opus na 2012, wanda WhatsApp ke ɗaukar saƙon murya da shi. Waɗannan suna rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da suke hasashen kunne ba zai lura da shi ba, musamman ƙaramin sautin da babba ya danne. FLAC kamar ninke shadda ne a sa a akwati, duk ranar da ka buɗe yadinka na nan cif. MP3 kuwa tela ne ya datse gefe-gefe don ta shiga leda, kuma abin da almakashi ya cire ba ya komawa.

Saboda haka mayar da MP3 zuwa WAV ba ya ƙara masa komai sai nauyi. Haka kuma duk lokacin da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake ajiye shi a MP3, an sake datsa a kan datsa.

Ina ɓarnar ta fi fitowa? A sautuka masu kaifi da masu saurin faɗuwa. Tafin jama'a, bugun kuge, kaɗawar caki, saman muryar algaita, su ne suke fara komawa wani irin ruwa-ruwa. MP3 mai kbps 128 (kbps shi ne yawan bayanin da fayil ke riƙewa a daƙiƙa ɗaya) yakan yanke sautin da tsininsa ya haura wajen kHz 16 gaba ɗaya. A karatun Alƙur'ani kuwa, abin da ya fi damuna shi ne haruffan safiri, sinun da sadun da zayun. Idan aka matse karatu da yawa sai su riƙa kama da juna, kuma akwai ɗalibin da ke koyon tajwidi da wannan fayil ɗin a ɗakinsa.

Mataki na biyu: saita na'urar ɗauka kafin ka bar gida

Ko ƙaramar na'ura ce irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X, ko kwamfuta mai Audacity ko Cubase ko FL Studio, saitin da nake ba kowa shawara ɗaya ne: WAV, kHz 48, bit 24.

Lambar farko tana nufin sau nawa na'ura ke auna sauti a daƙiƙa ɗaya, wato sau 48,000. Ƙa'idar ita ce na'ura tana iya kama sautin da tsininsa ya kai rabin wannan adadi. Kunnen ɗan Adam a ƙuruciya iyakarsa wajen kHz 20, don haka 44.1 da 48 duk sun wadatar. Na fifita 48 ne saboda shi ne ma'aunin bidiyo, kuma a yau da wuya a yi tafsiri ko dina ba a haɗa sautin da hoton kyamara ba. Za ka ga kHz 96 a cikin saiti. A aikin fili, inda janareto ke ruri a bayan rumfa, ninka maka cin memori kawai zai yi.

Lamba ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a taro. Bit 16 yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, bit 24 kuwa a lissafi ya kai 144. Amfanin wannan tazara shi ne za ka iya ɗauka ƙasa-ƙasa ba tare da fargabar shuu ta taso ba idan ka ɗaga daga baya. Kuma dole ka ɗauka ƙasa-ƙasa, domin taronmu ba ya tafiya a murya ɗaya. Malam zai fara fassara a sanyaye, alaramma mai jan baƙi ya shigo da ƙarfinsa, can a tsakiya jama'a su ɗauki kabbara. A biki ma haka: kana saita murya da mawaƙi, sai wata gwaggon amarya ta matso kusa da makirfo ta rangaɗa guɗa. Idan ma'aunin ya bugi sifiri, saman sautin ya yanke ke nan, kuma wannan tsagewar babu manhajar da ke gyara ta yadda ya kamata. Ka sa wanda zai yi magana ya ɗaga murya iyakar yadda zai ɗaga a taron, ka saita ma'auni ya tsaya wajen -12, wato desibel 12 ƙasa da sifiri. Wannan ratar da ka bari ta guɗa ce da kabbara.

Akwai sababbin na'urori irin Zoom F3 da H1essential masu ɗauka a tsarin da ake kira 32-bit float, inda fayil ɗin kansa ba ya tsagewa ko da ba ka saita murya ba. Suna da amfani ƙwarai ga wanda ke aiki shi kaɗai. Sai dai ka tuna makirfo da kansa yana iya shaƙewa idan ƙarar ta fi ƙarfinsa, kuma na'urorin kunnawa da yawa ba sa buɗe irin wannan fayil sai an sauke shi zuwa bit 24 ko 16.

Mono ko sitiriyo? Mutum ɗaya da makirfo ɗaya, mono ne. Ɗaukarsa a sitiriyo ninka nauyi ne a banza. Ga lissafin: WAV mai kHz 48 da bit 24 a sitiriyo yana cin kusan MB 17 a minti, wato GB ɗaya da ɗan ɗori a awa. A mono rabin haka ne. Tafsirin awa biyu a mono zai ci wajen GB ɗaya, na azumi sukutum wajen GB 30. Idan na'urarka na da mashiga biyu, dabara mai kyau ita ce ka ɗauko layi ɗaya kai tsaye daga miksa, ɗayan kuma ka sa makirfon da ke fuskantar jama'a, domin layin miksa ba ya ɗauke da amshi da tafi.

Fayil ɗin WAV na asali ba ya wuce GB 4, haka ma katin da aka yi wa fomat a tsarin FAT32 ba ya riƙe fayil ɗaya da ya fi haka. Yawancin na'urori suna raba ɗauka da kansu idan ta yi tsawo, don haka kada ka firgita in ka ga fayil biyu ko uku na zama ɗaya. A cikin na'urar da za ka yi aiki da ita za ka yi wa katin fomat, ba a kwamfuta ba.

Yanzu maganar wuta. Na'urori da yawa ba sa rubuta bayanin kan fayil ɗin WAV sai ka danna tsayawa. Idan aka ɗauke wuta ko janareto ya shaƙe ana tsakiyar ɗauka, za ka iya tarar da fayil da ya ƙi buɗewa. Shi ya sa ko ka jona na'ura a wuta, ka bar sababbin batura a ciki, kuma ka saba da tsayar da ɗauka kana sake farawa a duk inda aka samu sarari, tsakanin waƙa da waƙa ko lokacin da aka tashi sallah. In abin ya riga ya faru, kada ka sake rubuta komai a katin. Kwafe fayil ɗin zuwa kwamfuta, ka buɗe Audacity, ka bi File, Import, Raw Data, ka faɗa masa bit da kHz da adadin layin da ka ɗauka da su. Sau da yawa sautin na nan, kan fayil ɗin ne kawai ya ɓata.

Wanda waya kaɗai gare shi, ya duba saitin manhajar ɗaukar murya ya zaɓi mafi girman inganci, WAV in akwai, ya kuma sa wayar a yanayin jirgi. Ƙananan wayoyi masu madanni da yawa suna ɗauka a AMR, wanda ke auna sauti sau 8,000 kacal a daƙiƙa. An yi shi don kiran waya ne, bai dace da ajiye karatu ko waƙa ba.

Gaskiya guda da ya kamata a faɗa: inda ka dasa makirfo ya fi tsarin fayil tasiri. WAV ba ya cire gurnanin Hz 50 da ke biyo wayar wuta, ba ya hana iskar hunturu bugun makirfo a filin hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau. Na farko maganinsa kebul na XLR mai tsinke uku a kansa, da akwatin DI, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin na'ura da miksa, da cire cajar kwamfuta a ga ko gurnanin zai tafi. Na biyu maganinsa soso ko gashin rufe makirfo.

Mataki na uku: ware uwa

Da ka koma gida, kafin komai, kwafe katin zuwa wuri biyu daban-daban. Wannan ɗanyen fayil ba a taɓa shi. A kan kwafi ake yanka da gyara, a WAV, har a gama, sannan a fitar da kammalallen WAV guda. Shi ne uwa, kuma duk wani fayil da za a yi nan gaba daga jikinsa zai fito kai tsaye.

Don ajiya ta dogon lokaci, mayar da uwa FLAC. Za ka samu sarari, kuma FLAC yana riƙe suna da kwanan wata da sunan mai karatu a cikin fayil ɗin fiye da yadda WAV ke yi. Ka fara sunan fayil da shekara, wata, rana, misali 2025-03-10 tafsiri, don su jeru da kansu. Akwai karatuttukan malamai da waƙoƙin makaɗan fada da a yau ba a da su sai a fayil ɗin da ya sha matsa a hannun masu tura waƙoƙi, saboda wanda ya ɗauka ya goge na asali don ya samu wurin aikin gobe. Wannan asara ce da ta fi kuɗin faifan ajiya na hard disk nesa ba kusa ba.

Ka yi hattara da jabun memori, wanda za a rubuta masa GB 64 alhali cikinsa bai kai ba. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta gaya maka gaskiyarsa. Ka gwada sabon kati kafin ka kai shi aiki.

Mataki na huɗu: fayil ɗin hawa dandamali

A nan tambayar ta canza. Ba wane fayil ya fi inganci ba, wane ne na'urar da ke wurin za ta buɗe ba gardama. Amsar da ta fi yawan dacewa ita ce WAV mai kHz 44.1, bit 16, sitiriyo, wato ma'aunin CD. Mai fiyano da ke aiki da Yamaha PSR-S670, alal misali, wannan ne kaɗai fiyanonsa zai kunna daga filashi. Ka ba shi mai bit 24 ya ƙi. FLAC ma kada ka dogara da shi a dandamali, tsofaffin na'urorin DJ da ƙananan miksoci masu ramin filashi da yawa ba su san shi ba, wasu ma MP3 kaɗai suke karantawa.

Don haka ka shirya filashi a FAT32 mai folda biyu. Ɗaya WAV, ɗaya MP3 mai kbps 320 da aka fitar daga uwa. Ka sa lamba a gaban kowane suna, 01, 02, 03, bisa tsarin yadda za a kunna, da gajerun sunaye marasa ƙugiya, domin ƙaramin allon miksa ba ya nuna ƙ da ɗ daidai. Ka yi filashi na biyu irinsa ka sa a aljihu.

Shin MP3 mai 320 abin kunya ne a taro? Ko kaɗan. Idan daga uwa aka fitar da shi sau ɗaya, a fili irin na Tudun Wada ko Samaru, da hayaniyar jama'a da babura, da wuya a samu kunnen da zai bambanta shi da WAV. Wanda ke ba da kunya shi ne mai 64 ko 96 da aka ciro daga bidiyo, domin babbar sifika tana tona abin da sifikar waya ke rufewa.

Wuri ɗaya ne ba na yarda da MP3 ko mai nawa ne: kiɗan da ake maimaitawa a zagaye, wanda mawaƙi zai hau kai yana rera baiti yana gaisar da mutane har sai ya ga dama. Manhajar da ke yin MP3 tana ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen fayil. Bai kai ƙiftawar ido ba, amma duk lokacin da kiɗan ya zagayo sai ya yi tuntuɓe, kuma ƙafar masu rawa tana ji tun kafin kunnen DJ. Kiɗan zagaye WAV ne kawai.

Bluetooth kuma a bar shi a gida. Yana sake matse sautin a hanya, galibi da tsarin SBC, yana kawo jinkiri tsakanin dannawa da fitowar sauti, yana kuma yankewa idan jama'a suka cika tsakanin waya da miksa. A yi amfani da kebul, a sa waya a yanayin jirgi don kada kira ya shigo ana tsakiyar shigowar amarya.

Kebul ɗin ma akwai tarko a cikinsa, kuma ya kama masu sifika da yawa. Idan ka ɗauko sitiriyo daga waya da kebul mai kai ɗaya mai zobe biyu, ka cusa a ramin layi ɗaya na miksa, miksar za ta ɗebe ɓangaren dama daga na hagu. Duk abin da ke tsakiya, wato muryar mawaƙi da ƙasan kiɗa, sai ya ɓace ko ya koma can nesa, a bar ka da amsa-kuwwa. Mutum zai rantse fayil ɗin ne ya lalace. Maganin shi ne kebul mai rassa biyu, kowane reshe a layinsa, ko a layin sitiriyo na miksa. Kuma tun a gida ka saurari waƙar a mono, domin kayan sautin taro da yawa a mono ake haɗa su.

Abu na ƙarshe a nan, daidaita ƙarfin waƙoƙin. Audacity na da Loudness Normalization. Ka bi da su duka a ma'auni ɗaya don kada wata ta fito a raunane, ta bayanta ta firgita tsofaffin da ke zaune kusa da sifika. Sannan ka je wurin da wuri, ka kunna kowane fayil a ainihin na'urar da za a yi aiki da ita, ka taka zuwa ƙarshen rumfa ka saurara daga can.

Mataki na biyar: rabawa

Nan ne gidan MP3 da AAC, kuma nan ne ake tausaya wa datar mutane. Magana zalla, wa'azi ko lacca, MP3 mono mai kbps 64 ya isa: awa biyu ba za ta kai MB 60 ba. Karatun Alƙur'ani na fi son a ba shi 96 ko 128 saboda haruffan nan. Waƙa kada ta gaza 192. A ƙananan ma'aunai AAC da Opus sun fi MP3 daɗin ji, amma MP3 ne kowace rediyo mai memori da kowace motar haya ke kunnawa, shi ya sa har yanzu shi nake zaɓa don jama'a.

YouTube da Facebook da ire-irensu za su sake matse duk abin da ka ɗora, don haka ka ba su mafi kyawun abin da ke hannunka. Idan za ka tura wa abokin aiki fayil ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin dokumen, zai isa yadda yake.

Mataki na shida: binciki abin da aka kawo maka

Mai sifika ba shi ke yin fayil ba, kawo masa ake yi, wani lokaci ana saura minti goma a fara. In ka samu sarari, buɗe shi a Audacity ka juya kallon zuwa Spectrogram, mai nuna tsinin sauti a hoto, ka faɗaɗa ma'aunin gefe ya kai kHz 20. Idan ka ga sautin ya yanke ƙat a miƙe wajen kHz 16, sama da nan babu komai, to an taɓa matse shi da ƙarfi, ko da sunansa na ƙarewa da WAV. Ka kira mai waƙar ka ce, Malam, a taimaka a karɓo mana na sitidiyo. In babu hali, kada ka sake juya fayil ɗin zuwa wani tsari, kuma kada ka ƙara masa tirebul don neman haske, ɓarnar za ka ƙara fito da ita. Ɗan rage saman ma ya fi.

Mawaƙi kuma ya tsara wannan da mai sitidiyo tun ranar ciniki, kafin a buga ko ganga ɗaya: idan an gama, za a ba shi cikakkiyar waƙa a WAV, da kiɗa zalla a WAV mai 44.1 da bit 16 don hawa dandamali, da MP3 na rabawa. Ya zo da filashinsa, ya saurari ukun a wurin kafin ya biya cikon kuɗi, domin sitidiyo da yawa suna share tsofaffin ayyuka idan kwamfuta ta cika.